Kalmar da Baba ke kiran Yaya da ita

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun dawo da Baba daga asibiti. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka a kan kujerar roba aka ɗauko shi daga bakin titin Aboabo, unguwarmu a nan Kumasi, mutane sun yi cirko-cirko a ƙofofinsu suna ta sannu. Malam Alasan Bawah, da ya tsufa yana karantar da nahawu da sarfu a unguwar nan, yau ga shi a sama kamar buhun masara. Ya rufe idonsa har muka shiga gida.

Yana magana. Abin da ba mu gaya wa 'yan sannu ba ke nan. Yana magana sosai, amma ba Hausa ba ce, ba Larabci ba, ba kuma Tonancin Asantawa ba. Likita ya ce haka ciwon yake yi wa wasu, harshe ya rikice.

Likitan ya kuma tambayi yaushe rabonsa da maganin hawan jini. Mma ta dube ni. Ni ce mai sayowa duk wata. Ba zan rubuta wannan yau ba.

Talata, 7 ga Oktoba, da hantsi

Tun asuba yake kiran wani Zuliman. Mma da maƙwabta sun zauna suna lissafin Sulaimanan da ya sani: mai nama na Asawase, ladanin da ya rasu, wani da suka yi aikin Hajji tare. An kira mai naman, ya zo da gudu da jini a rigarsa. Baba ya kalle shi kamar bango.

Malam Awalu ma ya zo. Shi ne mataimakin Baba a makarantarmu, ɗalibinsa na farko kuma. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce wannan ba na asibiti ba ne, maganar mutanen ɓoye ce, a bari ya yi ruƙya. Da zai fita ya tsaya yana sa takalmi a hankali.

"Malama Mubarika, wa ke tare da Malam lokacin da ya faɗi?"

Ya sani. Duk lungun nan an sani. Me ya sa yake so ya ji daga bakina?

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Yaya Nuruddin ne ke tare da shi. A ɗakin littattafai na sama, ƙofa a rufe. Masu wanki a tsakar gida sun ji murya ta tashi, kuma ba ta Baba ba ce. Tun da Yaya ya dawo daga karatu a Sudan yake son a shigar da lissafi da Turanci makarantar, a nemi rajistar gwamnati. Baba ya ce sai bayan ransa.

Sai bayan ransa. Haka ya ce, a gabana, ba sau ɗaya ba.

Ban ce komai ba. Rubutawa kawai nake yi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Ba rikicewa ba ce. Wallahi ba rikicewa ba ce.

Na kawo ruwa a kofi, ya ce limko. Na kai bakinsa, ya ce lim. Na kawo koko, ya ce nabko, da na ɗebo a cokali ya ce nab. Sai na lura da wani abu. Na mayar da kofin, na ɗaga, na ce, "Limko?" Ya lumshe ido kamar yadda yake yi wa ɗalibi idan ya ba da amsa daidai.

Lim, sha. Limko, abin sha. Nab, ci. Nabko, abinci. Saiwa ce da ɗafa-ƙeya, ƙa'ida guda, ba ta canja ba. Aljani ba ya bin ƙa'ida haka, kuma harshen da ya rikice ba ya yi. Shi ya zaunar da ni tun ina ƙarama ya nuna mini yadda kataba ke haifar katib da maktab da maktub. Ya ce kalma kamar gida ce, idan ka gane uban sai ka gane 'ya'yan. To ga wani gida da ban taɓa shiga ba, a cikin kan ubana.

Na je ajin 'yan matana a makare. Ban san me na koya musu ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan masallaci

An samu Zuliman. Ni ce.

Duk wanda ya ba shi ruwa, shi ne zuliman. Mma ta ba shi, ya kira ta haka. Lim sha ne, liman shayarwa, wato -an ita ke sa wani ya yi aikin. Zu- kuma a goshi tana nuna mai yi, kamar ma- a maɗinki. Zu-lim-an, mai shayarwa. Na gwada zunaban ina nuna kaina da cokali a hannu, sai gefen bakinsa mai rai ya motsa. Dariya ce, na tabbata.

Na gaya wa Mma da murna. Ba ta yi murna ba. Ta ci gaba da tsince wake, ta ce, "Surutunsu ne, shi da waccan ta Tafo."

Waccan ta Tafo ita ce Gwaggo Fusena, abokiyar tagwaicin Baba. Ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Tun rasuwar Kaka ba ta taka gidan nan ba, ba a kuma faɗin sunanta. Na tambayi dalili, Mma ta ce in duba ko ruwan zafi ya tafasa.

Ashe ta sani tun ranar Litinin. Ta bar mu muna neman Sulaiman.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Ruwa tun safe. Ya nuna taga ya ce tib, na rufe. Marfin tagar tibko ne. Da mai gashin ƙashi ta asibiti ta murɗa kafaɗarsa ya yi ƙara, dor, dor. Ciwo ke nan.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Cokali ya suɓuce daga hannunsa na hagu ya faɗi ƙasa. Ya ce jel.

Jel. Faɗuwa.

Na daɗe a durƙushe ban ɗauki cokalin ba, domin na san na taɓa jin wannan saiwar a cikin wata doguwar kalma. Na kuma san wa ake gaya wa.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan magariba

Yaya yana shigowa sau biyu a rana. Ba ya zama. Yana tsayawa daga bakin ƙofa, ya gaida Baba, ido a ƙasa. Duk shigowarsa Baba sai ya ɗaga hannun hagu, ya nuna shi, ya ce kalma guda. Yau na matsa kusa na saurara da kyau.

Zujelanmi.

Zu-, mai yi. Jel, faɗuwa. -an, sa wani ya yi. Zujelan, wanda ya kayar. Saura -mi. Ban ji ta a wata kalma ba. Amma yaran da suka tashi a Kumasi, suna jin Tonanci ta ko'ina, ina za su samo mi in ba daga me ta Tonanci ba, wato ni?

Wanda ya kayar da ni.

Hawaye na zuba daga idon Baba yana faɗa. Yaya ya juya ya fita.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan asuba

Na sake warware ta, na sake haɗawa. Haka take fitowa.

Laraba, 15 ga Oktoba, da rana

Ina kallon hannayen Yaya yana cin tuwo. Manyan hannaye ne. Yana ci kamar kowa. Ya tambaye ni ko akwai sauran miya.

Da ya ɗauki kwalin sabon maganin Baba yana karanta bayansa, sai na ji kamar da gangan yake yi. Ya juya shi, ya sake juyawa. Bai ce mini komai ba. Me yake jira? Ko yana ajiye maganar ne don ranar da zai buƙace ta?

Na kwashe kwanukan na fita.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Malam Awalu ya same ni a barandar makaranta bayan an tashi yara. Ya ce ya ji labarin na fara gane maganar Malam, Allah ya yi mini albarka, ɗiyar malam ba ta rasa gado. Ya yi ta yabo har na saki jiki. Sai ya sassauta murya.

"Wannan kalmar da yake faɗa wa Nuruddin fa? Ni ma na ji ta. Ba don komai ba, Malama, amana ce a wuyanmu."

Na ce ban tabbata ba. Ya ce ko zato ne in faɗa, tsakaninmu. Na ɗauki alli na rubuta masa a allon bango, na raba ta gida huɗu kamar yadda nake yi wa 'yan aji. Ya karanta, ya ce innalillahi, ya share da tafin hannunsa.

Na ji sauƙi a ƙirjina, sauƙin da rabona da shi tun ranar asibiti. Ban so in tambayi kaina dalili ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Tsakaninmu, in ji shi. Mai sayar da ƙosai ta bakin lungu ta ce mini, "Ei, Malama, kafra, sannu. Ɗan da ka haifa!" Daga masallaci maganar ta fito.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Dattawan kwamitin makaranta sun zauna a zaure. Sun ce Yaya ya ɗan ja baya daga karantarwa har Malam ya samu sauƙi, Malam Awalu ya riƙe. Ba wanda ya ambaci kalmar. Ba sai an ambata ba.

Yaya ya same ni a madafa ina dama koko.

"Mubarika, abin da yake nufi ke nan?"

"Saiwa ba ta ƙarya, Yaya."

"Ke kika ji da kunnenki?"

"Kai ma ka ji. Sau nawa?"

Na shirya wa ihu. Na shirya wa rantsuwa. Sai kawai ya ce, "To," ya tsaya kaɗan yana kallon tukunya, ya ce kokon zai kama. Ya haɗa 'yar jakarsa ya tafi wurin wani abokinsa mai gyaran waya a Akwatialine.

Mai gaskiya zai tafi haka? Mai gaskiya ai musu yake yi.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Mma ba ta yi mini magana tun jiya. Idan tana son abu sai ta faɗa wa iska.

Talata, 21 ga Oktoba, da safe

Baba ya ƙi nabko. Ya kawar da kai daga cokali. Idonsa a kan ƙofa, yana faɗin kalmar, zujelanmi, zujelanmi, har muryarsa ta dushe. Na ce masa, "Ya tafi, Baba, ba zai ƙara shigowa ba, ka kwantar da hankalinka." Na sani yana jin Hausa ko da ba ya iya mayarwa. Ya dube ni wani irin kallo, ya bugi katifa da hannun hagu.

Tsoro ne. Na gaya wa kaina tsoro ne.

Malam Awalu ya koma zama a kan buzun Baba a makaranta. Ya ce don kada yara su ga wurin babu kowa. Ya kuma karɓi mabuɗin ɗakin littattafai daga hannun Mma. Yaushe ya fara shirya wannan? Tun ranar da yake sa takalmi a hankali?

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Ruwa kawai, shi ma kaɗan. Ƙashin wuyansa ya fito. Mai gashi ta ce idan ya ci gaba haka sai an koma asibiti a sa masa roba ta hanci.

Mma ta tsaya a kaina ina wanke kofuna. Ta ce, ba ta kalle ni ba, "Bayan tashar Tafo take, layin masu kanwa da ganyen waakye, na rina shinkafa da wake. Ban aike ki ba."

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan magariba

Na shiga trotro, motar haya, zuwa Tafo. Ban sha wahalar nema ba. Fuskar Baba ce zaune a bayan tire, da ɗankwali.

Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunana. Ta ci gaba da ƙulla ganye.

"Uwarki Lariya ce ta aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni, Gwaggo."

"To shi ya ce a kira ni?"

"Ba ya iya kiran kowa. Limko kawai yake cewa, da nabko."

Hannunta ya tsaya. Ta cire zaren ƙullin daga bakinta. Sai ta ce wa maƙwabciyarta ta duba mata kaya, ta ja ni bayan rumfa.

Munci suke kiransa, wato yaren "mu", ita da Baba. A ƙarƙashin teburin goron Kaka suka fara shi, don manya kada su san abin da suke ƙullawa. Da farko kalmomi ne barkatai. Da aka sa Baba karatun sarfu, sai ya riƙa dawowa yana kafa masa dokoki, wai yare marar ƙa'ida kukan kaji ne. Ita ke ƙirƙiro saiwa, shi yana ɗafa mata goshi da ƙeya. Idan ta kuskure ɗafi sai ya ci ta tarar ƙosai. Tana ba ni labarin tana dariya, idonta na ruwa.

Na faɗa mata kalmar. Na ce ɗansa yake gaya wa.

"Nuruddin? Allah sarki. Shi ya ɗauke shi ke nan."

"Ɗauka kuma? Jel ba faɗuwa ba ce?"

"Faɗuwa ce. Jelan kayarwa. To ba ki ji -mi a ƙarshe ba?"

"Na ɗauka ni take nufi."

"Ni? Wa ya gaya miki? Ni a Munci o ce, kuma gaba take zuwa. -mi warware aiki take yi, ta mayar da shi baya. Jelanmi, a tashi wanda ya faɗi. Zujelanmi, wanda ya ɗaga ka daga ƙasa."

Na ji kasuwar ta yi nisa. Na ce mata ya daina cin abinci. Na ce ta zo. Ta gyara ɗankwali ta ce ƙafar da aka kora ba ta komawa da kanta. Sai ta ƙara da cewa Nuruddin yaron kirki ne, duk Sallah yana zuwa gaishe ta a ɓoye, da ɗan yadinsa a leda.

A cikin mota wannan maganar ta tsaya mini. Duk Sallah. Ashe sun san juna. Wa zai hana ta juya ma'anar don ta wanke shi? Mutum biyu kaɗai ke jin yaren nan a duniya, ɗaya ba ya iya fassara, ɗayar kuma tana da nata. Ko ma ya riga ni zuwa Tafo?

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Ba zan ɗauki maganar kowa ba. Baba ya koya mini: idan kana shakkar ƙa'ida, gina sabuwar kalma da ita, ka ga ko za ta tsaya.

Na jira Mma ta fita. Taga a rufe take, ƙofa ma na tura ta. Na zauna a gabansa, na sa hannuwana a cinya don kada in nuna komai, na ce, "Baba, tibmi?"

Ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba. Gwaggo ma ba ta faɗe ta ba. Idan -mi ni ce, na ce masa rufe ni ke nan, maganar banza.

Ya buɗe ido sosai. Ya juya kai a hankali zuwa taga, ya ɗaga hannun hagu, ya tura iska waje kamar mai buɗe marfi. "Tibmi," ya ce. "Tibmi."

Na tashi na buɗe tagar. Hayaniyar lungu ta shigo, masu babur, rediyon wani. Na tsaya a nan na ba shi baya, don ban iya juyowa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Akwai abin da ban rubuta ba ranar 8 ga wata. Yaya ne ya sauko da shi daga bene a goye, ya ratsa lungu da shi cikin ruwan sama ba takalmi, har bakin titi. Kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa. Ni na wanke jinin daga matakala. Na sani tun ranar.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan azahar

Akwatialine. Na same shi a bayan shagon, zaune kan benci, jakarsa a ɗaure. Wata makaranta a Tamale ta ce ya zo. Motar Litinin zai bi.

Na gaya masa komai a tsaye, da Tafo, da taga. Na zana masa kalmar a ƙasa da tsinke. Ya ƙura wa zanen ido.

"Ka ji ni kuwa, Yaya? Wanda ya ɗaga ni. Kiranka yake yi."

"Na ji." Ya murza goshinsa. "Amma fassararki ta farko ma ba ƙarya ba ce. Na ɗaga masa murya, Mubarika. Na ce makarantar tare da shi za a binne ta. Ya miƙe zai ba ni amsa, bakinsa ya karkace. Ban taɓa shi ba. Amma da ban faɗa ba..."

"Da ya sha maganinsa..." Nan na tsaya. Ni ce na bari maganin ya ƙare ban sayo ba.

Ya dube ni. Ya ce ya ga kwanan watan da ke jikin tsohon kwalin tun a asibiti, ya jefa shi a kwata kafin Mma ta karanta. Ashe abin da ya yi da maganar ke nan, ni kuwa ina jiran ya zare ta kamar wuƙa.

Na ce Baba bai ci abinci ba tun Talata. Bai ce zai zo ba. Ya ce in gaida Mma.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da safe

Na tare Malam Awalu a ƙofar masallaci na ce na yi kuskure, ya gaya wa dattawa kamar yadda ya gaya musu ta farko. Ya yi murmushi.

"Jiya kin ce kaza, yau kin ce kaza. Gobe fa, Malama? A bari Malam ya warke ya faɗa da bakinsa."

Mabuɗin na leƙowa daga aljihunsa. Zan shiga gidajen dattawan da kaina, ɗaya bayan ɗaya. Ban san ko za su saurari mace da alli ba. Wancan karon sun saurara.

Lahadi, bayan la'asar

Bai zo ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, da hantsi

Ina shara na ji sallama. Yaya ne, da jakarsa a kafaɗa. A bayansa wata tsohuwa tana haki, tana zagin matakalar lungunmu. Bai je tasha ba, Tafo ya je. Ya ce mata ba da kanta ta dawo ba, shi ya ɗauko ta, sai ta ce to wannan dabam.

Mma ta fito daga madafa. Suka kalli juna ita da Gwaggo. Mma ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya Fusena," ta shimfiɗa tabarma. Shi ke nan abin da aka ce.

Yaya ya shiga ɗakin, wannan karon har bakin gado. Baba ya kama rigarsa da hannun hagu ya ƙi saki. Yaya ya tallafo shi ya zaunar, ya jingina shi da ƙirjinsa. Sai Gwaggo ta leƙo ta faɗi wata magana mai tsawo, da sauri, ban kama ko saiwa ɗaya ba. Baba ya zaro ido. Ya mayar mata. Ta ce, "Ji shi, wai na tsufa."

Ya sha koko rabin kofi daga hannun Yaya.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan azahar

Dattawa biyu sun ce za su duba. Ɗaya bai bari na zauna ba. Malam Awalu na nan kan buzu. Mai ƙosai har yanzu tana kawar da kai idan Yaya ya wuce. Magana ta fita da ƙafa, gyaranta na bin ta da rarrafe.

Gwaggo kullum tana cewa yau za ta koma, kanwarta na jiƙewa.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da yamma

Muna ɗakin dukanmu, Yaya na yanke wa Baba farce. Na matsa kusa da Gwaggo na tambaye ta a hankali yadda ake cewa a yafe mini da Munci.

"Babu," ta ce. "Ba mu sa ba. Alasan ya ce tagwaye ba sa buƙata."

Ta faɗa da ƙarfi, don a ji. Baba na kallon rufi.

Na ce a raina, ai ina da kayan gini. Dor ciwo ne, -mi warwarewa. Na durƙusa a gaban Yaya na ce, "Dormi." Ya dube ni bai gane ba.

Sai Baba ya bugi katifa. Ya girgiza kai, ransa a ɓace, irin ɓacin ran aji. Ya ɗaga yatsa.

"Dor... an... mi."

Ya nanata ta tsakiyar har sau biyu. An. An. Na gane, kunya ta rufe ni. Dormi ciwo ne da ya zo da kansa ya tafi da kansa. Na tsallake ɗafin da ke nuna wani ne ya jawo shi.

"Doranmi, Yaya," na ce. Na fassara masa. Ya ajiye abin yankan farcen, ya dafa kaina, ya ce in tashi, ƙasa da sanyi.

Na ɗauka an gama. Amma Baba bai sauke yatsan ba. Ya juya kansa a kan matashi, da ƙyar, har ya samu inda Gwaggo take zaune. Ya sake faɗin kalmar, cikakkiya, ba gargada. Ba ni yake koya wa ba.

Gwaggo ta kalli tafin hannunta. Mma ta tashi ta fita kamar an kira ta. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

Sai Gwaggo ta ja hanci, ta ce, "Nuruddin, gobe ka je Tafo ka kwaso mini kayan sawata. Ka ce wa maƙwabciyata Zuleha ta sayar da ganyen kada ya lalace."